Abin da Aka Ciro Daga Cikin Hajara

Da sunan Allah wanda bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Sunana Lawal, mahauci ne ni a kasuwar Batsari, sana'ar da na tarar mahaifinmu yana yi. Wannan labarin jinyar ƙanwata ce Hajara, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya. Kafin in rubuta sai da na nemi izininta. Ta ce in rubuta, amma kada in rage nawa laifin. Ban rage ba.

Hajara tana aure a wani ƙauye kusa da Babban Duhu, a ƙasar Safana, shekara goma sha shida ke nan, da 'ya'ya huɗu. Mijinta Isiya manomi ne, mutum mai sanyin hali, irin wanda ko akuya ya tarar a gonarshi sai ya lallashe ta ta fita. Amma gidan ba shi ke juya shi ba. Wanshi Mamuda ne babba, abin da ya faɗa shi ake yi.

Ciwon ya girmi duk abin da zan faɗa. Ta kai shekara biyu tana kukan ciki. Loma uku za ta yi ta ji kamar ta cinye akushi guda, sannan wani ciwo ya soke ta ƙarƙashin haƙarƙarin hagu ya ɓulle ta baya. Mai kemis ya ce olsa ce. Ta sha farin maganin nan na kwalba har ta gaji, ta bar yaji, ta bar tsami, ciwon yana nan. Mu ma muka saba da shi, muka riƙa cewa ai Hajara mai olsa ce.

Da kaka, ana cikin cirar gyaɗa, ta zo Batsari ranar kasuwa. Ta biyo ta rumfata na ƙulle mata nama ta kai wa yara. A hanyar komawa, bayan la'asar, 'yan bindiga suka tare motarsu. Direba a kujerarshi suka harbe shi. Wani tsoho da ya kasa sauri suka sare shi a bakin hanya, sauran kuma suka kora su daji kamar shanu. Sati bakwai ta yi a hannunsu. In za su kira ni a waya, sai sun fara dukanta don in ji kukan kafin su yi magana. Na sayar da filin da na gada, Isiya ya sayar da shanun huɗarshi, 'yan uwa suka kawo abin da ya sawwaƙa, Allah ya sa aka sako ta. Ta dawo da ƙafafu a fashe, da shatar igiya a wuyan hannu, bayanta kuwa matata Uwani da ta yi mata wanka ta ce ba wurin da za ka aza yatsa ba ka taɓa tabo ba. Abin da ya faru a dajin ban tambaye ta ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Yunwar daji ta zubar da jikinta duka, sai abu ɗaya da bai zube ba. Cikinta ya fito, tudu guda, yana turo zane. Yau na san cewa ya daɗe a wurin, ƙiba ce ta ɓoye shi. A lokacin ba wanda ya yi wannan tunanin.

Sati biyu na farko aka yi ta zuwa jaje. A na uku maganar ta fara yawo daga bakin rijiya zuwa majalisa: Hajara ta dawo da cikin ɓarayi. Ta gaya wa matan gidan cewa tana ganin al'adarta, suka ce ai akwai cikin da ke zuwa da haka. Tudun ma a sama yake, wajen hagu, inda duk macen da ta taɓa haihuwa ta san ba nan ɗa ke zama ba. Ba su so su sani ba ne.

Mamuda ya yanke cewa ba za a haifi jinin ɓarayi a gidan ubansu ba. Aka kawo wata tsohuwa da wani jiƙo baƙi. Kwana uku ana ɗura wa Hajara shi, mata biyu sun danne ta, ɗaya ta toshe mata hanci. Tsohuwar tana hawa cikin da gwiwa tana murzawa. Hajara ta yi amai har ya koma jini. Da aka ga ba abin da ya fito, Mamuda ya shigo tsakar gida da igiyar shanu ya ce ta faɗi gaskiya, wata nawa ne. Ta ce ba ta da ciki. Ya dake ta a gaban 'ya'yanta har haƙorinta na gaba ya fita. Isiya yana tsaye a bakin zaure, bai shigo ba, bai kuma tafi ba. Daga nan aka ce ta tafi gidansu ta haife abin a can, yara kuma ba inda za su.

Da tsakar rana wani ɗan acaɓa ya sauke ta a gaban rumfata, mayafinta duk jini. Ina cikin sarar ƙashi. Na sa aka kai ta gida wurin Uwani, na soke barhona a ƙugu, na hau babur.

Na tarar da Mamuda a gindin bedi cikin mutane. Ban yi sallama ba. Na kwashe shi na kayar, na danne ƙirjinshi da gwiwa, na tanƙwaro kanshi yadda nake yi wa rago, na aza wuƙar a maƙogwaro. Mutane suka rufa mani. A cikin kokawar wuƙar ta zame ta tsage mashi kunne, ta yanke ni a tafin hannu. Yana ƙasa jini na bin wuyanshi ya ce, "Yanka ni, Lawal. Amma in ka koma ka dubi cikinta da kyau."

Maganar ta shige ni, domin na riga na duba, kuma a zuciyata na yarda da su. Dukan ne ya kai ni ƙauyen, ba don na gaskata ta ba. Dagaci ya shiga tsakani aka kashe maganar, na dawo gida. Kwana goma Hajara tana kwance a ɗakin mahaifiyarmu Inna, ban leƙa ba, ban gaishe ta ba. In na shigo sai in wuce kaina a ƙasa. A kasuwa ina ganin yadda masu sayen nama ke kallona, sai in zo gida in huce a kan kowa. A rana ta goma na ce wa Uwani ta tambaye ta a asirce, ta faɗi gaskiya don mu san abin yi. Uwani ta dawo idonta ja, ta ce ga amsar Hajara: "Ki ce wa Yaya ya kai ni asibiti a duba. In ciki ne, ya yanka ni da wuƙar da ya kai wa Mamuda."

Washegari muka je asibitin garinmu. Aka gwada fitsari aka ce babu ciki. Wata ma'aikaciya mai yawan shekaru ta aza hannu a wurin, ta ce wa Uwani wannan ba a mahaifa yake ba ko kusa, ta rubuta mamu takarda mu je Katsina a yi hoton ciki, ta ce kada mu yi sanya. Allah ya saka mata da alheri. Da mun bi maganarta a ranar, da Hajara ta tsira daga abin da ya biyo baya.

Ba mu bi ba. A satin nan an tare hanyar Katsina sau biyu, direbobi sun ajiye motoci. 'Yan uwa kuma suka cika gida da shawara. Wata gwaggonmu ta ce kwantaccen ciki ne, shi ya sa gwaji bai gan shi ba. Wani ya ce sammu aka yi mata a daji. Wani ya kawo rubutu, wani ya kawo turare. Inna ta ce saifa ce ta kumbura, kuma ta san wanzamin da ya yi wa yayanta aiki a kan saifa ya warke. Aka aika mashi.

Wanzamin ya latsa wurin ya ce saifa ce ba shakka. Ya ce a samo namiji mai ƙarfi ya riƙe ta. Ni na riƙe. Na danne kafaɗunta a kan tabarma, ya jera mata tsaga a gefen ciki, ya shafa wani gari, sannan ya zaro ƙarfe daga cikin garwashi ya ɗora. Sau uku. Ni da nake babbaka kai da ƙafa kullum na san wannan ƙaurin, amma ban taɓa jin shi daga jikin mutum ba sai ranar. Ta yi ƙara a na farko. A na biyu ta cije hannuna inda wuƙa ta yanke ni. A na uku ta suma. Wanzamin ya ce ya ji ruwa a ciki, gobe zai dawo ya yi sakiya, ya huda da ƙarfe ruwan ya fita.

Da ya dawo da safe ya tarar da Uwani a bakin ƙofa riƙe da taɓarya. Matar da ba ta taɓa ɗaga murya a gaban Inna ba ta ce duk wanda ya ƙara kusantar Hajara da ƙarfe sai ta fasa mashi kai, ko da ni mijinta ne. Inna ta yi fushi ta ƙi cin abinci, wanzamin ya naɗe kayanshi. Bayan kwana huɗu ƙunar ta ruɓe, zazzaɓi ya rufe Hajara, ko ruwa ta sha sai ya dawo. Na ce ko hanya ta tsaya ko ta faɗi, gobe sai Katsina.

Mun tashi da hantsi, motoci biyar a jere, don an ce tafiya cikin ayari ta fi. Ni da Uwani muka sa Hajara a tsakiya. Kusa da ni ta wajen taga wani mai sayar da albasa ne, muna ta hira kan tsadar taki. Ba mu yi nisa sosai ba muka ji harbi daga cikin dawa. Motar gaba ta kauce ta faɗa rami. Gilashinmu ya tarwatse, mai albasa ya kife a kan cinyata, jini na tsartuwa daga wuyanshi. Na danne wurin da hulata. Direbanmu ya juya motar a kan taya ɗaya fasasshe, ƙarfe na ci da kwalta, mata na salati. Hajara ba ta yi ihu ba. Ta zame ƙasan kujera, ta kamo rigata ta jawo ni, ta ce a hankali, "Yaya, in sun tsayar da mu, kada ka bari su tafi da ni da rai."

Ba su tsayar da mu ba. Mai albasa ya cika a hannuna kafin mu kai wani ƙauye. Ban san sunanshi ba sai a wurin jana'iza. Allah ya jiƙanshi. Bayan kwana biyu muka sake ɗaukar hanya, wannan karon bayan motar jami'an tsaro, muka isa lafiya.

A Katsina muka sauka gidan wani abokin sana'ata. Satin farko ya tafi a layi: layin kati, layin ganin likita, layin hoto. Ka zo da asuba ka tarar an rigaye ka, ka kai gaba a ce a dawo jibi. Mai hoton ya shafa mata wani abu mai yauƙi ya yi ta zagaya na'ura a cikin. Ya ce mahaifa wayam take. Sannan ya hau sama wajen hagu, ya kira abokin aikinshi, suka yi ta nuna allo suna magana da Turanci. Suka ce akwai wata jaka cike da ruwa, babba, amma ba su tabbatar daga ina ta tsiro ba, sai an je babban asibiti an ga likitan tiyata.

A babban asibitin aka fara da wanke ƙunar da ba ta maganin zazzaɓi. Likitan tiyatar wani siririn mutum ne mai furfura a gemu, ba ya son yawan magana. Da ya ɗaga rigarta ya ga tsagar da ƙunar, sai ya tambaya wa ya yi wannan. Na ce wanzami ne. Ya ce wa ya riƙe ta. Na ce ni ne. Ya dube ni ya ce da an yi sakiyar nan da ba mu kawo ta nan ba, da maƙabarta muka kai ta. Ya rubuta wani hoton, irin wanda ake kwantar da mutum a tura shi cikin na'ura mai kama da bakin rijiya. Na'urar asibitin ta lalace, sai a waje muka yi, kuma tsadarshi ta sa na sayar da babur ɗina. Sati biyu muka jira kafin mu sake ganinshi.

Ranar da ya duba hoton ya zaunar da mu ya zana mamu a bayan takarda. Ya ce akwai wata tsoka da ke kwance a bayan tumbi, wutsiyarta na taɓa saifa, sunanta fankiriyas, ita ke narka abinci, ita ke daidaita sukari a jini. Yana zanawa na gane ta. Wata 'yar tsoka ce fara-fara mai laushi da muke haɗawa cikin kayan ciki, ko suna ba mu damu mu ba ta ba. Ya ce a wutsiyar nan ƙari ya tsiro, irin mai tara ruwa, ya girma har ya danne tumbi, shi ya sa ba ta iya ci. Ya ce irinshi ba shi da yawa, shi kanshi kaɗan ya gani tun da ya fara aiki, kuma ya fi kama mata. Ga alama ba mugun ƙari ba ne, ba kansa ba ce, amma ba zai rantse ba sai an ciro an auna. In an bar shi zai iya fashewa, ko ya rikiɗe.

Hajara tambaya ɗaya ta yi, tun yaushe yake jikinta. Ya ce shekaru, abu mai wannan girman ba ya tsirowa a wata biyu ko uku. Ta juyo ta dube ni. Na kasa ɗaga kai.

Aka kawo takardar amincewa da aiki. Na miƙa hannu zan karɓa tunda mijinta ba ya nan, likitan ya ce jikinta ne, ita za ta sa hannu. Ya gaya mata ƙila a haɗa da saifa a cire, ƙila ta kamu da ciwon sukari daga baya, ƙila kuma ba za ta tashi ba. Ta dangwala yatsa.

Sau biyu ana sa rana ana ɗagawa. Na farko babu jini irin nata. Na buga waya Batsari, Sarkin Pawa ya tara mahauta, mutum tara suka biyo wannan hanyar da aka kashe mai albasa suka zo suka ba da jini, ko ruwa ba su yarda na saya masu ba. Ba ni da bakin gode masu. Na biyu kuwa har an sa mata rigar tiyata, ta kwana ba ci ba sha, sai ga motoci an kawo mutanen wani ƙauye da aka buɗe wa wuta a gona. Ina tsaye aka wuce da su, wani hanjinshi a cikin zane, wata mata ba muƙamuƙi. Aka maida Hajara gado aka ce sai wani satin. Ban yi ƙorafi ba, wa zai yi? Abin da na yi ƙorafi a kai shi ne katinmu da ya ɓace sau biyu, da banɗakin da mara lafiya ba ya iya shiga, da yadda komai, daga safar hannu har zaren ɗinki, sai an rubuta maka ka fita waje ka sayo. Akwai ma'aikaciyar da ta daka wa Uwani tsawa a gaban mutane ta ce ƙauyawa ba sa zuwa sai sun gama kashe mutum. Akwai kuma wadda ke zuwa bayan ta tashi aiki ta taya Uwani juya Hajara. Duka a ɗaki ɗaya suke aiki.

An shiga da ita da safe, ba a fito ba sai bayan la'asar. Na yi azahar ban san raka'a nawa na yi ba. Da aka kira ni, likitan yana tsaye da wata tasa ta ƙarfe a rufe. Ya ce tana raye, aiki ya yi kyau, ƙarin ya manne da jijiyoyin saifa don haka an haɗa da ita. Sannan ya buɗe tasar. Abin ya kai kan tunkiya girma, sumul, yana sheƙi, jijiyoyi sun kewaye shi, saifar na rataye a gefe. Shekara talatin ina fasa ciki ina zaro kayan ciki da hannuna, amma sai ga ni zaune a ƙasa. Da na dawo hayyacina na roƙe shi ya ba ni in kai wa wani mutum ya gani. Ya ce a'a, ɗakin gwaji za shi, amma in ɗauki hotonshi a waya in ina so. Na ɗauka.

Na zaci an gama, ashe jinya yanzu ta fara. Ta farfaɗo da roba a hanci, roba a gefen ciki tana zubar da ruwa cikin leda, ɗinki tun daga ƙirji har ƙasan cibiya. A kwana na biyar zazzaɓi ya dawo, ruwan robar ya canza kala. Likita ya ce inda aka yanke tsokar ne ke yoyo, kuma ruwanta mai narka nama ne. Gaskiya ya faɗa, domin duk inda ya taɓa fatarta sai ta saɓule ta yi ja. Gefen ɗinkin da ke kusa da tsohuwar ƙunar ya buɗe. Kullum da safe in za a wanke, ana tura auduga cikin ramin, daga waje nake jin numfashinta. Ana huda yatsanta sau da yawa a rana don auna sukari har yatsun suka ƙi taɓuwa. Aka yi mata alluran rigakafi saboda rashin saifa, aka ce daga yau zazzaɓin sauro ba abin wasa ba ne a wurinta, ta kwana cikin gidan sauro, in jikinta ya yi zafi a kai ta asibiti a ranar.

A sati na uku yoyon ya tsaya. Ranar da ta shanye kofin kunu ta ce a ƙaro, Uwani ta fita waje ta yi kuka. A ranar ne na zauna a bakin gadon na ce ta yafe mani riƙon da na yi mata a gaban wanzami. Ta ce ta yafe. Sannan ta ce, "Riƙon bai kai kwana goman nan zafi ba, Yaya." Na ce shi ma ta yafe mani. Ta ce za ta yi ƙoƙari.

Bayan an sallame mu da wata guda sakamako ya fito: ƙarin ba mugu ba ne, an cire shi duka, sukarinta kuma ya zauna daidai. Abin da nake so mai karatu ya riƙe kaɗan ne. Olsar da ta shekara ba ta jin magana, a je a yi hoto. Tudu a ciki, kowane iri ne, kada a bari a matsa shi ko a kai mashi ƙarfe. Kuma macen da ta ce maku ba ta da ciki, gwajin fitsari bai kai kuɗin tsire ba.

Hoton da na ɗauka ya zagaya wayoyin Batsari da Safana ba da sanina ba, daga hannun mahautan da na nuna wa. Ba a jima ba aka aiko cewa za a zo biko. Suka zo ranar wata Asabar da hantsi: Isiya, da Mamuda da tsagaggen kunnenshi, da limaminsu, da wani dattijo. Muka zauna a zaure. Hajara ta ce ba za a yi maganarta tana ɗaki ba, ta fito ta zauna daga bakin ƙofa kusa da Inna.

Liman ya yi addu'a ya yi nasiha kan haƙuri. Dattijon ya ce an gode Allah da ya wanke ta, yanzu kowa ya san ba ta da laifi, sai ta koma ɗakinta ta riƙe 'ya'yanta. Mamuda ya ce sharrin Shaiɗan ne, a yafi juna. Ni har na fara jin sanyi a raina, ina ganin an ba mu gaskiyarmu.

Hajara ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, yadda ya kamata. Sannan ta ce, "Ina da tambaya, Yaya Mamuda. An ce hoto ya wanke ni. To da cikin ne fa? Da laifin wa?"

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Ta ce akwai wata mata 'yar ƙauyensu, Lami, da aka kora su daji tare, igiya ɗaya aka ɗaure su da ita. Lami ce ke tauna mata ganye ta ba ta ranar da ta kasa ɗaga kai. Ita nata cikin ne na gaske. An kore ta sati ɗaya bayan an kori Hajara, iyayenta sun rasu, kuma tun daga ranar ba wanda ya san inda ta nufa, ba kuma wanda ya tambaya. Ni kaina ban taɓa jin sunan ba sai a zauren nan.

"Ba na jayayya da ku," in ji ta. "Zan koma ranar da aka gaya mani inda Lami take."

Mamuda ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce wannan ba maganar gidansu ba ce. Ya fita, dattijon ya bi shi. Isiya bai tashi ba. Wanshi ya kira shi daga waje sau biyu, bai tashi ba. Wannan ne karo na farko da na ga haka tun da na san shi.

Bayan kwana uku ya kawo mata yaran su huɗu a kan babur ɗaya, ya sauke su a ƙofar gida ya juya. Suna wurinmu har yanzu. Hajara ta yi ƙiba, tana cin tuwo ta ƙara, tana soya awara a ƙofar gida. Isiya kuwa duk ranar kasuwa sai ya biyo ta rumfata ya gaya mani inda ya duba wajen neman Lami: tashoshin mota, makarantun da 'yan gudun hijira ke kwana, gidajen da mata ke wanke-wanke a Katsina da Dutsin-ma. Wata ta ce ta ga mai kama da ita tana bara da jariri a goye, ya je ya tarar ba ita ba ce. In ya gama faɗa mani sai in shiga gida in faɗa wa Hajara, ta ce to, Allah ya sa a dace.

Lami doguwa ce, baƙa, tana da wushirya, da tabon igiya a wuyan hannu biyu. Wanda ya san inda take ya tambayi rumfar Lawal a layin mahauta. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya mayar da na daji gida, ya sa in sun dawo su tarar da ƙofa a buɗe.